Sarki Ƙalawun na Masar: Bawan da Ya Gina wa Marasa Lafiya Wurin Kwana

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan fitowa mun ɗauko muku tarihin wani sarki daga cikin sarakunan Masar, wanda ya rasu yau fiye da shekara 700, sunansa Al-Malikul Mansur Saifuddini Ƙalawun. Masu tarihi sun fi ambatonsa saboda yaƙe-yaƙensa da Tattar da Faranjawa. Mu kuwa abin da ya ja hankalinmu gare shi shi ne asibitin da ya gina a Alƙahira, da irin tanadin da aka yi a cikinsa domin marar lafiya ya sami barci da dare. Duk wanda ya taɓa kwana yana jinyar tsohonsa a asibiti, wanda mu nan Damagaram muke ce wa likita, ya san cewa wannan magana ba ƙarama ba ce.

An haifi Ƙalawun wajen shekara ta 1222, cikin ƙabilar Ƙifjaƙ, Turkawa makiyaya da ke zaune a filayen da ke arewa da Baƙin Teku. A zamanin nan rundunonin Tattar sun tarwatsa ƙasarsu, sai kasuwannin bayi suka cika da 'ya'yansu. Shi ma haka ƙaddara ta faɗa masa. Wani amiri na gidan Ayyubawa mai suna Ala'uddini Aƙsunƙur ya saye shi a kan dinari 1,000, kuɗi mai yawan gaske ga bawa guda, har wannan farashi ya zame masa laƙabi, aka riƙa kiransa Al-Alfi, wato na dubu. Da yake ya ɗan girma kafin a kawo shi, bakinsa bai taɓa faɗawa sosai da Larabci ba har ya mutu. Bayan rasuwar ubangidansa sai ya koma hannun Sarkin Masar Assalihu Najmuddini Ayyub, aka sa shi cikin rundunar bayin sarki da ke zaune a tsibirin Rauda, tsakiyar kogin Nilu, waɗanda ake kira Bahriyya.

Kada mai karatu ya yi mamakin jin bawa ya zama sarki. Mu da muka san fadar Damagaram da ta Borno da ta Kano mun san yadda bayin sarki suke riƙe manyan muƙamai, har wani lokaci maganarsu ta fi ta 'ya'yan sarki ƙarfi. Abin da ya faru a Masar ya wuce nan da taki ɗaya. Ana sayo yaran, a musuluntar da su, a koya musu sallah da hawa da harbi, sa'an nan a 'yanta su su zama mayaƙa. Da Assalihu Ayyub ya rasu a 1249, daidai lokacin da Sarkin Faransa Luwi na Tara ya kawo yaƙi Masar, waɗannan bayi ne suka karya Faranjawa a Mansura, kuma a 1250 mulki ya koma hannunsu ɗungum. Su ne tarihi ke kira Mamalik.

Ƙalawun bai sami sarauta da wuri ba. A 1254 aka kashe shugaban Bahriyya, sai shi da abokinsa Baibars da sauran 'yan'uwansu suka gudu zuwa Sham, suka yi shekaru suna yawon neman wanda za su yi wa barance. Ana cikin haka Bagadaza ta faɗi hannun Tattar a 1258, aka kashe halifa. Wannan musiba ce ta haɗa kan Mamalik, suka tari Tattar a Ainu Jalut cikin watan azumi na 1260, Allah Ya ba su nasara. Baibars ya hau gado a wannan shekara, Ƙalawun kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan jarumansa, har daga baya ɗan Baibars ya auri 'yarsa.

Ciwon da ya zama alheri

A shekara ta 1276, yana amiri, ya riga ya haura shekara 50, sai ciwon ciki mai tsanani ya kama shi a Dimashƙa, irin wanda likitocin Larabawa ke kira ƙulanji, mai murɗa hanji ya hana mutum zama ya hana shi kwanciya. Malam Maƙrizi, mai tarihin Masar, ya ruwaito cewa an yi masa magani da magungunan da aka ɗauko daga asibitin da Sarki Nuruddini Zanki ya gina a garin tun 1154. Da ya sami sauƙi sai ya hau ya tafi ya ga asibitin da idonsa. Abin ya burge shi, ya yi bakance cewa in Allah Ya ba shi mulki zai gina irinsa a Masar.

Baibars ya rasu a 1277. Ɗansa, surukin Ƙalawun, bai iya riƙe amirai ba, suka tuɓe shi a 1279, suka ɗora ƙanensa yaro ɗan shekara 7, Ƙalawun yana waliyyinsa. Bayan wata uku aka kau da yaron, Ƙalawun ya hau. Ba za mu ce hanyar ta yi kyau ba, amma haka mulkin Mamalik yake tun farkonsa. Ya murƙushe tawayen gwamnan Dimashƙa, sa'an nan a watan Oktoba na 1281 ya gamu da babbar rundunar Tattar kusa da Himsa, inda kabarin Halidu ɗan Walidu (R.A.) yake. Ɓarin hagu na rundunar Musulmi ya watse, amma sarki ya tsaya bai gusa ba, ƙarshe Tattar suka juya suka ƙetare kogin Furatu. Sai bayan wannan ne ya sami sararin cika bakancensa.

Ya zaɓi wuri a tsakiyar Alƙahira, a unguwar da ake kira Bainal Ƙasraini, wani tsohon gida na Faɗimawa wanda a lokacin wata 'yar sarautar Ayyubawa mai suna Mu'unisa Hatun take zaune a ciki. Aka musanya mata da wani gida, aka ƙara mata kuɗi, aka fara aiki a 1284, wato 683 bayan hijira. Cikin kimanin shekara ɗaya aka gama asibiti da makaranta da ƙubba, gini wanda har yau masu zuwa Alƙahira suke tsayawa kallonsa.

Wannan sauri kuwa yana da dalili, kuma dalilin ba mai daɗin ji ba ne. Amirin da aka ɗora wa aikin, Sanjar Asshuja'i, mutum ne mai tsanani. Ya sa fursunonin yaƙi ɗari-ɗari aiki, ya tattara magina da masassaƙan gari ya hana su yi wa kowa aiki sai nan, ya tsayar da dogarai a kan hanya suna tilasta wa masu wucewa ɗaukar duwatsu, babba da yaro, har mutane suka daina bin hanyar. An kuma rushe ginin tsibirin Rauda aka kwaso ginshiƙansa. Saboda haka da aka gama, wasu malamai suka ba da fatawa cewa sallah ba ta halatta a wurin da aka fitar da masu shi ba da son ransu ba, aka kuma zalunci ma'aikatansa. Muna ganin malaman nan sun sauke nauyin da ke kansu, domin Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓar abu sai mai tsarki, kuma amfanin da talaka ya samu daga baya ba ya goge haƙƙin lebura da aka ci. Shi Sanjar kashe shi aka yi a 1294, mutanen Alƙahira kuwa ba su yi masa kuka ba.

Ranar buɗewa sarki ya zo da kansa, ya sa aka kawo masa kofi ɗaya na abin shan da ake haɗa wa marasa lafiya, ya sha a gaban jama'a, sa'an nan ya shaida musu cewa ya yi waƙafin wurin ga wanda yake daidai da shi da wanda yake ƙasa da shi, sarki da bawa, soja da amiri, babba da ƙarami, namiji da mace. Ya tsayar masa da dukiyar da take kawo kusan dirhami miliyan ɗaya a shekara. Aka ware zaure na masu zazzaɓi, da na masu ciwon ido, da na masu rauni, da na masu gudawa, da sashen mata, da ɗakuna na masu taɓin hankali. Ruwa yana gudana ta cikin zaurukan. Ga madafa, ga wurin haɗa magunguna, ga inda babban likita yake zama yana karantar da ɗalibai. Ba a ƙayyade yawan waɗanda za a karɓa ba, ba a kuma yanka wa kowa ranar fita ba.

Takardar waƙafin, wanda littattafanmu na Malikiyya suke kira hubusi, ta wanzu har zamaninmu, kuma a cikinta ne mutum yake ganin zurfin tunanin waɗanda suka tsara ta. Ba ta tsaya ga albashin likitoci da kuɗin magani ba. Ta sauko har kan gado: ta ce a tanadi gadaje na ƙarfe ko na itace, da katifu da barguna masu cushen auduga, kowane marar lafiya a ba shi shimfiɗar da ta dace da halinsa da ciwonsa. Ta ambaci mafitai na kaba da za a yi wa marasa lafiya fifita lokacin zafi, da faya-fayan rufe abinci, da kwano na kowa shi kaɗai ba ya tarayya da wani, da man fitila. Ta sa a ɗauki ma'aikata maza da mata masu yi wa marasa lafiya hidima, su wanke musu tufafi, su share wurin kwanansu. Ta kuma wajabta wa likitoci kwana a asibitin kowane dare, ko gaba ɗaya ko bi da bi. Wanda ya warke a ba shi sutura, wanda ya cika a yi masa likkafani da jana'iza daga dukiyar waƙafi, wanda kuma yake kwance a gidansa ba shi da hali a aika masa da magani.

Mu dubi maganar mafici da bargo. Mu da muke shan zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ɗaki yake zama kamar tanda har tsakar dare, da sanyin hunturu mai shiga ƙashin tsoho, ba ma bukatar a yi mana bayanin abin da mafici da bargo suke yi wa mai ciwo. Wanda ya rubuta su cikin takardar sarki ya san cewa magani ba ya aiki yadda ya kamata a jikin da bai huta ba.

Wannan sani kuwa daga littattafansu ya fito. Likitocin Musulmi na wancan zamani suna karantar da cewa lafiyar ɗan Adam tana rataye da abubuwa shida da ba makawa daga gare su: iskar da yake shaƙa, da ci da sha, da motsi da hutu, da barci da farkawa, da abin da jiki yake riƙewa da wanda yake fitarwa, da halin da zuciya take ciki na farin ciki ko damuwa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya keɓe fasali a littafinsa Al-Ƙanun kan yadda ake kula da tsofaffi, ya kuma yi magana kan rashin barci da hanyoyin jawo shi, kamar shafa mai, da murza gaɓoɓi a hankali, da sauti mai taushi. Wannan littafi ne likitocin Alƙahira suke karantawa suna yi masa sharhi.

Game da daren asibitin kansa, akwai labarin da marubutan ƙarnonin baya suka kawo, wanda likitan Masar Ahmad Isa ya tattara cikin littafinsa na tarihin asibitocin Musulunci a 1939, Shaihu Mustafa Assiba'i na Sham shi ma ya yaɗa shi. Sun ce waɗanda barci ya ƙaurace wa ana keɓe su a wani zaure dabam, a kawo masu ba da labari su ɗebe musu kewa, ko masu sauti mai daɗi su kwantar musu da hankali. Hikimar keɓewar a fili take: wanda ba ya barci ba zai hana maƙwabcinsa ba, shi kuma ba a bar shi shi kaɗai da duhu ba. Sun kuma ce ladanan masallacin da ke manne da asibitin suna kiran sallah tun da sauran kamar awa biyu kafin alfijir, domin wanda dare ya yi wa tsawo ya ji cewa gari ya kusa wayewa, zuciyarsa ta yi sanyi.

Wani zai ce, yaya za a kira sallah kafin lokaci? Amsa ita ce asuba ta bambanta da sauran salloli. A Madina Bilalu (R.A.) yana kira da sauran dare, Ibnu Ummi Maktum (R.A.) kuma ya kira in alfijir ya keto, kuma duk wanda ya karanta Risala ya san cewa a mazhabarmu ya halatta a yi kiran farko a sudusin dare na ƙarshe. Shi ne assalatun da muka sani. Ke nan ba su ƙago wani abu cikin addini ba, sun ɗauki abin da shari'a ta yarda da shi ne suka yi wa marar lafiya jinƙai da shi. Maganar kiɗa kuwa, saɓanin malamai a kanta sananne ne, kuma wanda bai natsu da ita ba yana da abin da ya fi ta, domin a ƙubbar da ke jikin asibitin an tsayar da mahaddata suna karatun Alƙur'ani bi da bi, dare da rana.

Abin da ya sa muka daɗe a nan shi ne tsofaffinmu. Allah Ya gaya mana a Suratun Naba'i cewa Ya sanya barci hutu, Ya sanya dare sutura, amma wannan ni'ima tana raguwa da shekaru. Barcin tsoho ba ya nauyi, motsi kaɗan yake tashe shi, fitsari yana tada shi sau biyu sau uku, ciwon gwiwa da na baya ba sa barinsa ya daɗe a ɓari ɗaya. To, a ɗauke shi daga ɗakin da ya saba, a kwantar da shi cikin baƙi, fitila tana ci a kansa, wani yana nishi a gefensa, ana tashinsa domin awo ko allura. In ya yi dare biyu ko uku a haka, sau da yawa sai a ga ya rikice, yana sambatu, bai gane 'ya'yansa ba, yana fizge robar ƙarin ruwa, yana neman sauka ya tafi gona da tsakar dare. Nan da nan dangi sai su ce iska ce, ko sammu, ko kuwa tsufa ya taɓa masa hankali. Likitoci sun san wannan ruɗewa sarai, suna lissafa rashin barci cikin abubuwan da ke jawo ta, tare da zazzaɓi da ƙarancin ruwa a jiki da wasu magunguna, kuma sun tabbatar cewa tsohon da ta kama ya fi daɗewa a kwance, ya fi kuma shiga hatsari.

Abin da mutane suka fi saurin nema shi ne ƙwayar barci, ga ta kuwa a teburin masu tallar magani a kowace kasuwa. Lalle muna gargaɗin 'yan'uwa a kan wannan. Ƙwayoyi irin su Valium suna daɗewa a jikin tsoho fiye da na yaro, su sa shi jiri, ya tashi fitsari ya faɗi ya karya ƙugu, ko su ƙara masa ruɗewar da ake gudu. Kada a ba tsoho irinsu sai da umarnin likitan da yake dubansa.

A 1999 wata likita a jami'ar Yale ta Amurka, Sharon Inouye, ta buga sakamakon gwajin da ta yi da abokan aikinta a kan marasa lafiya 852, dukansu masu shekara 70 ko fiye. Rabinsu an yi musu jinya yadda aka saba. Sauran rabin kuwa an ƙara musu wasu 'yan abubuwa: a riƙa tuna musu rana da wurin da suke, a tashe su su taka da rana, a ba su tabarau da abin ji in suna bukata, a kula da shan ruwansu. Da dare kuma, maimakon ƙwaya, sai a ba su abin sha mai ɗumi kamar madara, a murza musu baya, a sa musu sauti mai taushi, a rage hayaniya a zaure, a gyara lokutan magani domin kada a tashe su ba dalili. Cikin waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba, 15 bisa 100 suka rikice. Cikin ɗaya rabin kuwa ba su kai 10 bisa 100 ba, shan ƙwayar barci ma ya ragu. Duk wanda ya gwada wannan da abin da muka faɗa na asibitin Ƙalawun zai ga kusancinsu, alhali shekara 700 ce tsakani.

Galibin waɗannan abubuwa ba sa cin kuɗi, kuma a ƙasarmu rabin jinya a hannun dangi take, su ne ke kwana a tabarma gefen gado. Mai jinya yana iya hana tsohonsa shayi mai ƙarfi da goro daga la'asar, ya ba shi kunu ko madara mai ɗumi bayan lisha, ya kai shi ya kama ruwa kafin ya kwanta, ya ɗaura masa gidan sauro, ya yi masa fifita, ya gaya wa malaman asibiti tun da wuri in akwai ciwon da ke cinsa, kada a bari sai tsakar dare. Da rana a buɗe taga ya ga haske, a zaunar da shi, a yi hira da shi, kada ya wuni yana gyangyaɗi dare ya zo ido biyu. Su kuma ma'aikatan jinya, Allah Ya saka musu, mun san mutum ɗaya yakan kwana da zaure guda. Abin da muke roƙo shi ne aikin da za a iya haɗawa a yi shi a tashi ɗaya, fitilar da ba a bukata a kashe ta, hirar dare kuma a yi ta nesa da gadaje.

Sai mu masu zuwa dubiya. Gaida marar lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa, amma malamai sun ce ladabinsa shi ne a taƙaita zama. Abin da muke gani yanzu, mutum goma su shigo bayan lisha, kowa da wayarsa tana ƙara, a gaisa da ƙarfi, a tashi tsohon da bai daɗe da samun barci ba domin kawai ya san an zo. Ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (S.A.W.) in ya shigo da dare yakan yi sallama ne yadda na farke zai ji, mai barci kuma ba zai tashi ba. Haka nan masallatan da suke maƙwabtaka da asibiti, ya kamata kwamitocinsu su dubi inda bakin lasifikarsu yake fuskanta, musamman wajen wa'azin dare da tahajjudin goman ƙarshe. Ladanan Alƙahira da murya tsura suke kira, ba da na'ura ba.

Mu koma ga sarki. Asibitinsa ya sami karɓuwa tun yana raye. Babban likitan Masar na lokacin, Ibnun Nafis, wanda ya fara bayyana yadda jini yake bi ta huhu daga ɓarin zuciya na dama zuwa na hagu, ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga wannan asibiti kafin rasuwarsa a 1288. Mutanen ƙasashenmu ma ba baƙi ba ne a Alƙahira ta wannan zamani, domin tun kafin hawan Ƙalawun mutanen Kanem, kakannin sarakunan Borno, suna da makarantarsu ta Malikiyya a can, wadda ake kira makarantar Ibnu Rashiƙ, inda alhazansu da ɗalibansu suke sauka. Mansa Musa na Mali da ya zo a 1324, ɗan Ƙalawun ne, Annasiru Muhammadu, ya tarar a kan gado. Ibnu Baɗɗuɗa ya ga asibitin a 1326, ya ce mai siffantawa ba ya iya ƙure kyansa. Shi ne kuma matafiyin da ya biyo ta Takadda, a ƙasarmu ta Nijar, a 1353.

Sauran shekarun Ƙalawun a kan doki suka ƙare. A 1285 ya ƙwace ƙaƙƙarfan sansanin Marƙab daga hannun wata ƙungiyar mayaƙan Faranjawa wadda, abin mamaki, ita ma asalinta masu jinyar maziyarta ne a wani asibiti a Ƙudus. A watan Afrilu na 1289 ya ci Tarabulus ta Sham, wadda take cikin Lubnan a yau. Ba ita ce Tarabulus ɗin da ayarin Damagaram suke zuwa fatauci zamanin Sarki Tanimun ba, waccan tana Libiya. Tsakanin waɗannan nasarori biyu ya rasa ɗansa Assalihu Ali, wanda ya so ya gaje shi, a 1288, rashin da ya girgiza shi ƙwarai.

Akka kaɗai ta rage babba a hannun Faranjawa, kuma akwai amana ta shekara goma tsakaninsu tun 1283. A 1290 wasu sababbin zuwa daga Italiya suka far wa fatake Musulmi a cikin garin suka kashe su. Sarki ya nemi a ba shi masu laifin, aka hana, sai ya ɗauki amana ta warware, ya yi shirin yaƙi. Ya fita Alƙahira ya sauka a sansani bayan gari, nan ciwo ya kama shi, ya kwanta cikin hemarsa. Ya rasu a watan Zulƙida na 689, daidai da Nuwamba 1290, yana da kusan shekara 70, bayan mulkin shekara 11. Aka rufe shi a ƙubbar da ke jikin asibitinsa. Ɗansa Al-Ashrafu Halil ya ci Akka a watan Mayu na 1291, sarauta kuma ta zauna a zuriyarsa har 1382. Allah Ya gafarta masa kurakuransa.

Asibitin ya yi ƙarnoni yana aiki, sa'an nan dukiyar waƙafin ta riƙa lalacewa a hannun masu kula da ita. Lokacin da Faransawa suka shiga Masar a 1798, likitan rundunarsu ya tarar da marasa lafiya 'yan kaɗan a ciki, cikin hali na ban tausayi, daga baya ma wurin ya koma na masu taɓin hankali kawai, har aka kwashe su a tsakiyar ƙarni na 19. Yawancin zaurukan sun rushe, makaranta da ƙubba da hasumiya ne suka tsaya. A 1915 aka gina asibitin ido a wani ɓangare na filin, aka sa masa sunan Ƙalawun.